Shi Ya Hawo Dutse, Ni Ana So In Sauka

Ku yi min afuwa da shirun da na yi muku. Na ga saƙonninku duka, har da na wadda ta rubuto sau uku tana tambaya ko damisa ce ta ɗauke ni. Ba damisa ba ce, ciyawa ce. A watan Oktoba babu macen da ke da hannun riƙe waya a tsaunukanmu na Kumaon, kowacce na kan gangare da laujenta tana tara wa shanu abincin hunturu. Bayan haka kuma abubuwa sun faru a gidanmu waɗanda sai da na bari zuciyata ta ɗan lafa kafin in iya rubuta su.

Na lura mun yi baƙi da yawa a shafin nan, bari in ɗan koma baya saboda su. Sunana Tanuja, shekarata ashirin da shida, ni kaɗai ce a wurin iyayena. Mahaifiyata Ija nake ce mata, yadda kowa ke kiran uwarsa a nan. Baba tsohon soja ne, ya dawo gida da fansho da gwiwa ɗaya da ba ta lanƙwasuwa. Ƙauyenmu Simalkot gida arba'in da biyu ne, amma tun ina ƙarama nake ganin ana garƙame su ɗaya bayan ɗaya, masu su na sauka Haldwani da Delhi neman abin yi. Ni ma na sauka. Shekara biyu na yi ina koyar da lissafi a wata makarantar kuɗi a Dehradun, sai korona ta zo, aka yi kulle, aka sallame mu, na dawo da akwatina ɗaya.

Daga nan al'amura suka juye. Mu da muka saba ganin mota ta sauka da kaya, sai ga motoci na hawowa da kaya. 'Yan birni ne, takunkumi a fuska, kwamfuta a jaka, wasu har da kare mai riga. Ofisoshinsu sun ce kowa ya yi aiki daga gida, su kuma suka ga ai gida ko'ina ne in dai akwai sabis. Gidajen da gizo-gizo ya gada aka buɗe, aka share, aka shafa wa tagogi shuɗin fenti. Namu rabon shi ne gidan Baffa Diwan, ƙanin Baba, wanda ke manne da namu, tsakar gidanmu ɗaya, ya shekara goma sha biyar a kulle.

A daminar bara Omkar ya zo daga Pune, shi da mahaifiyarsa Anti Sulabha, suka sauka a gidan Baffan. Mahaifinsa ya rasu wata biyu kafin nan, lokacin da ake yawon neman gadon asibiti ba a samu. Anti ta daina magana, ta daina cin abinci, ko tagar ɗakinta ba ta leƙawa don daga nan ake hango titin da motar asibiti ta bi da mijinta. Shi ne Omkar ya ɗauko ta ya kawo ta inda babu abin da zai tuna mata. Ranar da Baba ya tambaye shi aikinsa, ya ce gwajin manhaja yake yi, wato a ba shi abu ya bincika ya faɗi inda aibinsa yake. Baba ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "Kuma har biyanka ake yi? Uwar Tanu shekara talatin tana wannan aikin a kaina kyauta."

Ija ce ta dawo da Anti hayyacinta, kuma ba ta lallashe ta ba ko sau ɗaya. Kullum da safe za ta shiga ta dire mata faranti, gurasar tamba da miyar baƙin wake, ta zauna a gabanta ta ce ita ma ba za ta karya ba sai Anti ta ci, ga shanu can na jiran tatsa, in sun yi kuka alhakinsu na wuyanta. A sati na uku Anti ta fara fitowa tsakar gida. Yanzu in kun gan su a rana suna tsince wake, kai a haɗe, suna gulmar 'yan birni kamar Anti ba daga can ta zo ba, sai ku rantse ciki ɗaya suka fito.

Ni da Omkar kuwa, tsofaffin masu karatu sun riga sun sani. Shi ya kafa ɗan farantin intanet a kan rufin Baffa, shi ya zaunar da ni ya nuna min yadda ake koyarwa ta kwamfuta. Yanzu ɗalibaina daga Pune suke har Dubai, ni kuma ina ɗakina da safar ulu a ƙafa. Na rama masa da koya masa hura wuta da itacen da bai gama bushewa ba, da yadda ake korar birai daga gonar tuffa ba tare da an kalle su cikin ido ba. Yana ce min Malama, ina ce masa Injiniya. Shekara ɗaya da wata huɗu, ba wanda ya furta wa wani komai. Iyakarta in ya sauka kasuwa ya taho min da gyaɗa soyayya a ƙunshin jarida, ya ajiye a kan tagata ya wuce kamar ba shi ba.

To, ran wata Lahadi Gwaggo Bhagirathi ta hawo daga Haldwani.

Gwaggo yayar Baba ce, kuma ba ta hawa dutse haka kawai, ta ce kwane-kwanen hanyar na juya mata ciki. Da na hango ta tana haki a kan matakalar dutse, sari ruwan hoda mai bakin zaren zinariya, jaka a hammata, kwalin alewar madara a hannu, na san da magana. Ko shayin ba ta shanye ba ta zaro waya ta miƙa wa Ija. Hoton saurayi ne jingine da farar mota. Sunansa Lalit, asalinsu 'yan tsauni ne kamar mu, daga wajen Almora, yana aikin banki a Noida. Gwaggo ta shiga jerowa: gida a hawa na goma sha ɗaya, na'ura ke kai mutum sama, famfo uku a cikin gidan, na ruwan zafi daban, girki da gas, wanki da inji. Ba ta ce komai kan halinsa ba, Ija ma ba ta tambaya ba. Ina kallon fuskar Ija lokacin da aka ambaci famfo uku. Ta yi laushi kamar an yi mata albishir da jika.

Baba ya ce ba wanda zai yi min dole, in dai gan shi kawai mu gaisa. Aka tsayar da kiran bidiyo ƙarfe biyar na yamma washegari, bayan ya tashi daga aiki.

Ga inda matsalar take. Sabis ɗin wayoyinmu ba ya ɗaukar bidiyo, sai intanet ɗin Omkar, shi kuma ba ya ɗaukar bidiyo biyu lokaci ɗaya. Ƙarfe biyar kuwa lokacin mitin ɗinsa ne na kullum, shi ya sa ban taɓa sa ɗalibi a lokacin ba. Na shiga ɗaki na zauna bakin gado da waya a hannu kamar na riƙe garwashi.

"Injiniya, gobe ƙarfe biyar kana da mitin?"

"Kamar kullum. Sabon ɗalibi ne?"

Na rubuta na goge, na rubuta na goge. Daga ƙarshe na tura: "Ba ɗalibi ba ne. Gwaggo ce ta zo da maganar wani, za mu gaisa ta bidiyo."

Alamar ya karanta ta fito. Ya fara rubutu, ya tsaya. Ya sake farawa, ya tsaya. Ina jin Gwaggo a tsakar gida tana tambayar Anti nawa ake sayar da albasa a Pune.

"Zan ce musu an ɗauke wuta. Ki zauna kusa da tagar gabas, ya fi ja a wurin."

Na tura masa godiya. Har na ajiye wayar sai wani saƙon ya shigo.

"Kar dai ki sa koriyar rigar nan."

Na tambaye shi dalili, bai amsa ba. 'Yan uwa, na kifa fuskata a filo na daɗe ban ɗago ba, ban san ko dariya nake ko kuka ba. Koriyar, wadda ta fi kowace riga yi min kyau, ita ce kuwa Ija ta goge ta shimfiɗa min a gado, da mayafinta mai ƙananan madubai. Na ce mata hammatar ta yage, na sa wata ruwan toka da nake koyarwa da ita. Gwaggo ta ce na yi kama da ma'aikaciyar allurar rigakafi.

Zan faɗa muku gaskiya, don na yi alkawarin ba zan ƙawata labarin nan ba: Lalit ba shi da laifi. Ya gaida Baba da ladabi, ya tambayi gwiwarsa, ya ce in na so zan ci gaba da koyarwata daga gidansa, akwai ɗakin da ba a amfani da shi. Yana da dariya mai daɗi. Na tambaye shi yaushe rabonsa da ƙauyensu, ya ce shekara tara, tun rasuwar kakansa. Ya ce ya ji rufin gidansu ma ya rufta, ba wanda ya je ya duba, to me za a je a yi? Ba da raini ya faɗa ba, iyakar gaskiyarsa ke nan. Tunda aka kafa farantin nan bai taɓa ja da kyau irin na ranar ba, ko sau ɗaya hoton bai tsaya ba, har abin ya ba ni haushi. Ta tagar kuwa ina hango Omkar a bayan gidanmu yana faskara itacen da tun shekaranjiya aka faskara.

Washegari da sassafe muna ɗaure igiyoyi a ƙugu za mu tafi yankan ciyawa, sai ga shi ya fito da takalmin hawan dutse, hular ulu, da tsohon laujen Baffa da ya tono a ɗakin shanu. Ya ce da Ija zai bi mu. A garinmu namiji ba ya yankan ciyawa. Matan unguwa suka samu abin yi, ɗaya ta tambaye shi ko laujen da caji yake aiki, wata ta ce ya danna maɓalli mana damin ya hau kansa da kansa. Ya yi ta murmushi yana yanka, rabi ciyawa rabi ƙasa. Da rana ta take ya ɗaure daminsa, bai kai rabin nawa ba, muka ɗora masa. Ya yi taku wajen ɗari a gangaren sannan ƙafarsa ta zame, ya zauna daɓas ya sulala har sai da wani kututture ya tare shi. Mata suka riƙe ciki. Ija kaɗai ce ba ta yi dariya ba. Ta sauka ta duba ƙafarsa, ta ɗauki daminsa ta ɗora a kan nata, ta wuce gaba. Shekararta hamsin da huɗu. Da yamma ta dafa mai da tafarnuwa ta ba Anti ta ce a shafa masa a baya.

Kwana biyu bayan nan, Gwaggo ta riga ta koma, Anti Sulabha ta fito cikin sari shuɗi mai haske. Tun rasuwar mijinta ban taɓa ganinta da mai launi ba. Tana riƙe da faranti, kwakwa ɗaya da alewa a kai, ta tsallaka tsakar gidan nan da take tsallakawa sau ashirin a rana, amma ta tsaya a bakin ƙofarmu sai da aka ce ta shigo. Ija ta kalli farantin ta kalle ni, ta ce in je in ɗora shayi. Tsakanin kicin ɗinmu da ɗakin zama katako ne kawai, ko numfashi ana ji.

Anti ta yi magana a nutse. Ta ce ta zo nan gawa ce mai tafiya, gidan nan ya raya ta, yanzu kuma ta zo roƙon abin da ya fi wancan girma. Baba ya yi gyaran murya ya ce shi yaron ya kwanta masa, amma magana tana wurin uwar yarinya da yarinyar.

"Sulabha," in ji Ija, "da ɗanki mutumin banza ne da na ji sauƙin abin da zan faɗa. Ba don yarenku daban ba ne. Dangi za su yi surutu, Bhagirathi za ta fi kowa, su gaji su bari. Tambayata ɗaya ce. In ya aure ta, ina za su zauna?"

Anti ta amsa da murnarta, don a zatonta wannan ce amsar da za ta faranta wa Ija. Ta ce ai nan, Omkar ba ya son komawa birni, har ya fara yi wa Baffa Diwan maganar ya bar masa gidan gaba ɗaya. Tanu ba za ta yi nisa da iyayenta ba ko da taku goma.

"To shi ya sa ba zan ba shi ba."

Ruwan shayin ya tafaso ya zubo a wuta, ban ko motsa ba.

Anti ta ce ai Tanu da kwamfuta take aiki, ba ruwanta da dakon ciyawa in ba ta ga dama ba. Ija ta ce wannan yau ne. In farantin ya lalace fa? In kamfanin ya sallame shi? In naƙuda ta kama ta cikin ƙanƙara, hanya ta toshe, asibitin kirki na tafiyar awa uku? Ta ce, "Ku kun hawo ne da hanyar komawa a aljihunku. Ranar da dutsen nan ya ishe ku, mota za ku kira. Mu ba mu taɓa samun wannan ba."

Sai ta ba da labarin da ban taɓa ji ba tunda aka haife ni. Ashe ba ni ce farko ba. Shekara uku kafin ni ta yi ciki, ya kai wata bakwai, a irin wannan watan na yankan ciyawa. Surukarta ba ta da lafiya, shanu huɗu, ba mai tara musu sai ita. A gangaren nan dai da Omkar ya zame ita ma ta zame, da dami a ka. Lokacin ba a yi titi ba, a kujera aka ɗaure ta maza huɗu suka sauka da ita, kafin su kai bakin hanya komai ya wuce. Namiji ne. Baba yana bakin iyaka, sai bayan sati uku wasiƙa ta same shi. Ija ta faɗi wannan duka da muryar da take faɗin an kusa ƙare gishiri. Ta ce tun ranar da aka miƙo mata ni a zani ta yi wa kanta alkawari 'yarta ba za ta tsufa a kan gangare ba, don haka ta tsaya kai da fata na yi karatu, don haka ranar da na dawo da akwati daga Dehradun ta kwana biyu ba ta ci abinci ba.

Na ji Baba ya tashi ya fita yana jan ƙafa. Da na kai shayin na tarar Anti ta riƙe hannun Ija da hannuwanta biyu, farantin kwakwar na gefe ba wanda ya taɓa.

Kwana takwas gidan ya yi shiru. Ija ba ta fasa kai wa Anti gurasa ba, Anti ba ta fasa taya ta tsintar wake ba, sai dai gulmar ta ragu. Ni kuma duk lokacin da Ija ta sunkuya ɗaukar tulu sai in bi bayanta da kallo, in ga yadda ya karkace gefe ɗaya, abin da na taso ina gani ban taɓa tambayar dalilinsa ba. Saƙo ɗaya Omkar ya turo min a kwanakin nan: "Ija ta yi gaskiya a kaina. Da hanyar komawa na zo. Ina tunani."

Ran Juma'a da hantsi muna kicin ni da Ija, sai ga Anti ta shigo ko takalmi babu, ido jawur. Kamfanin su Omkar ya turo takarda. Aiki daga gida ya ƙare, kowa ya koma ofis a Pune daga farkon Disamba, wanda ba zai iya ba ya sanar kafin ƙarshen ranar Litinin. Anti ta zauna a ƙasa tana cewa ita ina za ta iya komawa ɗakin nan, wa zai yi mata faɗa ta ci abinci.

Ija ta ajiye ƙullun da ke hannunta. Ta tambayi Anti gidan nasu na Pune akwai famfo a ciki? Anti ta ce akwai. Asibiti fa? Anti ta share hanci ta ce minti biyar ne a ƙafa. Ija ta miƙe ta wanke hannu, ta shiga ɗaki, muka ji ƙarar akwatin ƙarfenta. Ta fito da gyalen aurenta, rawayan nan mai ɗigo-ɗigon ja da amarenmu ke yafawa, yana ta ƙamshin kafur, da babban zoben hanci na zinariya a ƙulle cikin hankici. Ta ɗora su a cinyar Anti.

"Je ki gaya wa ɗanki na ba shi. Ya ɗauke ta su tafi."

Anti ta rasa wanda za ta yi, kuka ko dariya, sai ta haɗa biyun. Kafin azahar Ija ta hau tudun bayan gidanmu inda waya ke kamawa ta kira Gwaggo ta ce a ba mutanen Lalit haƙuri, ana jiyo ihun Gwaggo daga cikin wayar har ɗakin shanu. Ija kuwa ta sauko tana 'yar waƙa. Rabon da in ji ta tana waƙa har na manta.

Na san abin da za ku rubuto: to Tanuja, ba shi ke nan ba? Ni ma haka na ce wa kaina. Mutumin da nake so, uwata ta ba shi da bakinta. Amma murnar ta ƙi zuwa. Na fita na nufi gona. Baba na can yana shafa wa gindin tuffa farar ƙasa, ya miƙe ƙafarsa mai ciwo gefe. Ya yi min murna, ya ce yaron kirki ne. Sai ya nuna min 'yan dashen da suka yi shi da Omkar a bazara, ya ce nan da shekara huɗu za su fara 'ya'ya. Sai kuma ya ce ba komai, birai ma ai bayin Allah ne, za su ci.

A hanyar dawowa na haɗu da Omkar a bakin maɓuɓɓugar da muke ɗiban ruwa. Da gani jirana yake. Ya rame a kwana takwas ɗin nan, gemu ya fito masa.

"Malama," ya ce, "Gwaggo ta faɗi inda za ki zauna. Ija ta faɗa. Mamata ta faɗa, ni ma na faɗa ban tambaye ki ba. Ke ina kike so?"

Kun san ba wanda ya taɓa yi min wannan tambayar? Har ni kaina. Na buɗe baki sai magana ta yi ta fitowa. Na gaya masa shekara biyun da na yi a Dehradun kwanakin hutu kawai nake jira. Na gaya masa ranar da aka sallame mu kowa na kuka, ni kunya ce ta hana ni murna. Na ce yara shida suka rage a makarantar garinmu, malaminsu sai ya ga dama yake hawowa, kuma na daɗe ina son in karɓe su da safe. Na ce ba na son in zama mai zuwa sau ɗaya a shekara da kwalin alewa, in tarar gwiwar Baba ta ƙara sandarewa, wata rana kuma in zo da makulli in rufe ƙofar in tafi.

"Ina son ka, Injiniya. Wannan ba sai na ɓoye ba, ko shanunmu sun sani. Amma ba zan sauka ba."

Na zaci zai yi irin na fim, ya ce ya bar aikin saboda ni. Bai yi ba, kuma na ƙara ganin girmansa. Ya ce kamfanonin da ke barin mutum ya yi aiki daga dutse kullum raguwa suke, ga magungunan mamarsa, ba zai ɗaukar min alkawarin da bai san zai iya cikawa ba. Ya ce in ba shi zuwa Litinin. Ya ɗauki tuluna ya cika, ya ɗora a kafaɗarsa, muka hawo. Rabin ruwan a rigarsa ya ƙare.

Jiya ce Litinin ɗin. Da la'asar Ija na zaune a bakin ƙofar kicin inda rana ke faɗowa, gyalen a cinyarta tana ɗinke bakinsa da ya fara zarewa. Ta miƙo min allura in zura mata zare, idonta ba ya gani sosai yanzu. Na zura na ba ta, na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta kamar yadda nake yi ina ƙarama in za ta taje min kai. Tana ta lissafa waɗanda za a gayyata, tana cewa a yi bikin kafin sanyi ya yi tsanani.

"Ija," na ce, "ko na aure shi ko ban aure shi ba, ni a nan zan zauna. Ba shi ne ya riƙe ni ba. Ni ce nake so."

Allurar ta tsaya. Na sunkuyar da kai ina jiran faɗa, na ma shirya amsoshina tun dare uku. Faɗan bai zo ba. Ta daɗe tana kallon tsaunukan da ke can ƙetaren kwari, ƙanƙarar farko ta riga ta sauka a kawunansu.

"Wata biyu da aurenmu aka ba babanki gida a bariki, a Meerut," ta ce. "Ɗaki biyu, da famfo. Ya zo har nan ya ɗauke ni. Uwata ta roƙe ni in bi shi, har ta kama ƙafata."

Na ɗago na kalle ta.

"Abin da kika faɗa yanzu shi na faɗa mata. Ko kalma ɗaya ba ki canja ba."

Ta saki gyalen ta kama wuyan hannuna, ta riƙe da ƙarfi, tafin nan nata mai kaushi kamar ɓawon itace. Ba ta ce ta yarda ba, ba ta ce ba ta yarda ba. A daidai lokacin wayata ta fara ruri a aljihun rigar sanyina. Ba sai na duba ba, ƙarar da na sa wa Omkar shi kaɗai ce, kuma an tashi daga ofis a Pune, wa'adin da kamfaninsu ya bayar ya cika. Ta yi ta yi har ta katse, ta sake farawa.

Ija ta ji, ta kuma san ko waye. Ba ta sake ni ba, ni ma ban zare hannuna ba.